Wasiƙa Zuwa Ga Fayil Ɗina Na Neman Aiki

Ya kai tsohon abokin tafiya,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan ƙura da gara ba su gama da kai ba. Na san za ka yi mamakin samun wasiƙa daga gare ni, tunda ɗaki ɗaya muke kwana, ni a kan gado, kai a saman wadrof ƙarƙashin tsohon bargo. Amma akwai maganar da kunya ba ta barin mutum ya faɗa ido da ido, sai a takarda. Kai kuwa ɗan gidan takarda ne.

Dalilin rubuto maka shi ne, shekaranjiya bayan sallar isha 'yata ta fari, wadda ta kusa gama bautar ƙasa, ta zauna kusa da ni ta ce, "Baba, ina fayil ɗin nan naka? Ina so in ga yadda ake jera takardu." Na hau kujera na sauko da kai, na kaɗe ka, na kwance zaren. Tana ta dariyar hotona na fasfo, ni da kwat ɗin aro da wuya kamar na zalɓe, ni kuma ina kallon gefenka inda gumin hammatata ya bar tabo. Tabon nan ya girme ta.

Ka tuna haɗuwarmu. A shekarar 1999 ce, shekarar da soja suka miƙa mulki, ni kuma na dawo gida daga bautar ƙasa da jakar kaya da takalmin kofa. Ni da hukumar bautar ƙasa sa'anni ne, dukanmu haihuwar 1973, sai dai ita ta sallame ni bayan wata goma sha biyu, ta barni da kai. Na saye ka a wani shagon littattafai, na zuba maka duk abin da na mallaka a duniya: takardar firamare, sakamakon WAEC, digirina na harkokin kasuwanci, shaidar gama bautar ƙasa, takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma, rantsuwar shekarun haihuwa da Baba ya yi a kotu, hotuna takwas, da sibi mai shafi biyu. Ranar nan ji nake kamar na sa bindiga a hammata.

Shekara uku muka yi muna yawo. Babu matakalar da ba mu hau ba a sakatariya, babu bencin masinja da ba mu ɗumama ba. Kowace Talata mukan yi karo-karo da abokai mu sayi jaridar Guardian, don ranar ce take cika da tallar guraben aiki, mu baje ta a tabarma muna bi da biro kamar masu duba. Sau biyu muka hau motar dare daga Sabon Gari zuwa Legas don jarrabawar ɗaukar aiki, na rungume ka a ƙirji har gari ya waye saboda kada barci ya raba mu. Ka tuna 'yar takardar da Kawu ya rubuta wa wani abokinsa darakta, wadda na maƙala a bakinka da fil? Darakta ya karanta, ya tambayi lafiyar Kawu da iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce in dawo bayan Sallah. Bai ce wace Sallar ba.

Sai a 2002 Allah ya kawo. Wata masana'antar kayan roba a nan Kano ta ɗauke ni akawun sito. Inna ta rangaɗa guɗa, aka soya waina aka raba wa almajirai, maƙwabta suna ta shigowa barka da arziki. Abin da kowa ke faɗa ɗaya ne: "To alhamdu lillahi, ka huta." Da daddare na hau kujera na wurga ka sama. Ko sallama ban yi maka ba.

Wannan "ka huta" ita ce ta cuce ni, kuma ita nake so mu tattauna.

Ka lura da yadda muke magana. In ka tambayi ɗan kasuwa me ake ciki, sai ya ce maka, "Muna nan muna nema." Mai tebur ɗaya haka zai ce, mai rumfa goma haka zai ce, Alhajin da ke sauke kwantena ma haka zai ce. Har ya koma ga Mahaliccinsa ba za ka ji ya ce ya gama nema ba. Manomi ma da ya cika rumbu, kafin ƙurar sussuka ta kwanta ya fara kai taki gona. Ɗan boko ne kaɗai a ƙasar Hausa yake da ranar gama nema. Mu muka mai da neman aiki kamar jinya: ana fama, ana fama, ranar da aka ba ka takardar kama aiki an sallame ka daga asibiti, sai a jefar da kwalaben magani. Kai ne kwalbar da na jefar.

Ba daga sama muka tsinci wannan tunani ba, gado muka ci. A zamanin su Baba, cikin shekarun 1950 da 1960, lokacin da gwamnatin Sardauna ke neman 'yan Arewa masu ilimin boko ruwa a jallo don su riƙe ofisoshin Jihar Arewa, aiki ne ke bin mutum har gida. Yaro yana aji na ƙarshe an riga an san tebur ɗinsa. Ya shiga, ya yi shekarunsa, ya ci ƙarin albashin Udoji na 1974 ya sayi rediyo da babur, ya jira shekara 35 a bakin aiki ko 60 a duniya, a ba shi giratuti da fansho. Baba bai taɓa rubuta sibi ba. Don haka da ya ce mini in riƙe aikina da hannu biyu, kada in zama mai ƙafar yawo, gaskiyar zamaninsa ya faɗa mini, Allah ya jiƙansa.

Sai dai ko a zamanin nasu rufin ya fara yoyo. A 1975 gwamnatin Janar Murtala ta sallami ma'aikata sama da 10,000, wasu a rediyo suka ji sunansu. Ni kuwa a gaban idona aka yi ta rushe-rushe, ina kallo kamar wasan kwaikwayo. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1957, a shekarar da na kama aiki ta rufe ƙofa, unguwar Kakuri ta fara zama kufai. Wayar salula ta shigo a 2001, ta bi NITEL ta shanye sannu a hankali. Gwamnan Babban Banki Charles Soludo ya ce kowane banki ya kawo jarin naira biliyan 25, kafin ƙarshen 2005 bankuna 89 suka koma 25, har Bank of the North da muke yi wa kallon dutse ya narke cikin Unity Bank. A Nuwamba 2013 aka miƙa kamfanonin wutar lantarki ga 'yan kasuwa. Kowace girgiza daga cikin waɗannan ta zubo da magidanta masu furfura, kowa da irinka a hammata. Wasu a layinmu suke. Nakan je jaje, in ce Allah ya kawo mafita, in dawo in kwanta a ƙarƙashinka. Gemun 'yan'uwa na ci da wuta, ni ko ɗigon ruwa ban shafa wa nawa ba.

Hatta doka ta riga ni ganewa. Dokar fansho ta 2004 ta buɗe wa kowane ma'aikaci asusu mai lambar kansa, wanda zai bi shi duk inda ya koma aiki. Wato gwamnati da kanta ta daina zaton mutum zai tsufa a kan kujera ɗaya. Ni na cike fam ɗin, na sa hannu, ban ji saƙon da ke ciki ba.

Shekara 14 na yi a sito, kuma ba zan yi wa kaina ƙazafi ba, ban taɓa makara ba, ban taɓa ɗaukar ko murfin bokiti ba. Amma abin da aka koya mini a wata shida na farko, shi na yi ta juyawa. Ranar da manaja ya kawo kwamfuta ya ce daga yau a nan za a riƙa shigar da kaya, na ce ranka ya daɗe, littafina ba ya mutuwa in an ɗauke wuta. Aka yi dariya, na ji daɗi na yi magana mai hikima. Wani yaro mai difloma da aka ɗauka a ƙarƙashina shi ya ja kujera ya zauna gabanta. In an tashi aiki shi ba ya tashi. Yana karatun jarrabawar akantoci ta ICAN da daddare, yana bin masu binciken kuɗi da tambaya in sun zo ƙarshen shekara, yana karɓar lambar kowa. Bayan shekara uku ya ajiye aiki ya koma wani kamfani da ya fi namu girma. Ka san abin da na ce? Na ce yaran zamani ba su da godiya. Na kira shi butulu a gaban mutane. Yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Fam ɗin jarrabawar nan ni ma na taɓa saye, ko sunana ban rubuta a kai ba. In aka ce akwai bita, tambayata ta farko ita ce akwai alawus? In babu, sai in ce aiki ya yi mini yawa. Direbobi, dillalai, manajojin sayen kaya na wasu kamfanoni, mutane ɗari-ɗari suka bi ta ƙofar sitona. Na sa musu hannu a takarda, na ce Allah ya kiyaye hanya, ban riƙe ko ɗaya ba.

Akwai ranar da ba na son tunawa, amma dole in faɗa maka. Asabar, 15 ga Maris 2014, ranar jarrabawar ɗaukar ma'aikatan hukumar shige da fice. Sama da mutum 500,000 suka biya naira 1,000 kowannensu, suna neman guraben da ba su kai 5,000 ba. Aka tara su a filayen wasa cikin farar riga da gajeren wando, turmutsutsu ya ɓarke a babban filin wasa na Abuja da wasu garuruwa, fiye da mutum 15 suka rasu, har da mata masu juna biyu. Na gani a talabijin, takalma da takardu a warwatse a ƙasa, 'yan'uwanka fayil-fayil an tattake su. Na yi salati, na yi musu addu'a, sannan na ce a zuciyata, Allah na gode maka da na wuce wannan wurin. Na ɗauka tsakanina da yaran nan akwai katanga. Ashe labule ne.

A 2016 iska ta ɗaga labulen. Tattalin arzikin ƙasa ya karye, dala ta yi wuya, kayan da muke narkawa kuwa daga waje ake shigo da su, ga kuɗin gas na janareta. Aka fara rage kwanakin aiki, aka koma rabin albashi, ranar wata Juma'a aka ba kowa ambulan. Ban ga laifin masu kamfani ba a kan rufewar, su ma ruwa ne ya cinye su. Ina da shekara 43, mata ɗaya, 'ya'ya biyar, gidan haya.

Daren nan na hau kujera na sauko da kai.

Ban san ko ka tuna yadda na daɗe ina kallonka ba. Yadda na ajiye ka haka na same ka, ko takarda ɗaya ba ta ƙaru ba. Sibi yana ɗauke da akwatin gidan waya da aka daɗe da ba wani, da lambar wayar girke ta gidan Kawu mai farawa da 064. Mutum uku na rubuta a matsayin waɗanda za su yi mini shaida. Shugaban sakandarenmu ya rasu. Abokin Kawu ya rasu. Malamina na jami'a yana raye, amma shekara 17 ban taka ƙofar gidansa ba, ko gaisuwar Sallah, da wane ido zan je? Mutumin da ke cikinka saurayi ne ɗan shekara 26, mai gashi, mai sabon ilimi. Wanda ke riƙe da kai wani ne daban, kuma babu takardar da ta san shi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ni ranar tafiyar ma na tuna ashe ban shuka duman ba.

Kasuwar neman aikin ma ta tashi daga inda na barta. Babu mai karɓar ka hannu da hannu, sai a ce ka loda a intanet. Na zauna a kafe wani yaro yana cike mini fam, yana tambayata adireshin imel, ina sosa ƙeya. Tallace-tallacen duk sun yanka shekaru: kada ya wuce 27, kada ya wuce 30. Wani ya ba ni shawara in koma kotu in sake rantsuwa in zubar da shekara goma. Ba zan ɓoye maka ba, na kwana ina juya maganar. Amma shekarar da na rubuta WAEC tana cikinka, ranar haihuwata tana cikin BVN, furfura tana haɓata. Ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa kuwa ko kai ba zai shiga ba.

Bayan wata huɗu na tafi neman kashi 25 cikin 100 na asusun fanshona, wanda dokar 2014 ta yarje wa duk wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50. A nan na gano wani ramin. Doka ta ce a cire kashi 8 daga albashin ma'aikaci, mai kamfani ya ɗora kashi 10. Nawa ana cirewa kowane wata, amma akwai watanni da yawa da kuɗin bai isa asusun ba. Shekara da shekaru ana aiko mini da takardar bayanin asusu, ni kuma ina naɗe gyaɗa da ita.

Wanda ya fitar da ni daga ramin bai taɓa ganin ka ba. Abokina ne tun na ƙuruciya, wanda ya bar boko a aji uku na sakandare ya zama yaron kanti a Kantin Kwari. Lokacin da nake jami'a har tausayinsa nake ji. Shekara tara ya yi yana ɗaukar dilar atamfa a ka, yana share rumfa, yana kai wa ubangidansa abinci. Amma a shekarun nan tara babu ranar da bai ƙara wani abu ba. Ya san wanda ke kawo kaya daga Legas, ya san mutanen Maraɗi da Damagaram da Njamena da Marwa da ke zuwa sari, ya san wanda ake ba bashi da wanda ba a ba, ya iya taɓa yadi a duhu ya faɗi kuɗinsa. Ranar da ubangidansa ya yaye shi da jari, rabin layin sun riga sun san shi. Fayil ɗinsa a bakin mutane yake, kuma kullum ana ƙara masa shafi.

Na je wurinsa da niyyar rance, kunya ta hana ni buɗe baki. Ya sa aka kawo shayi, ya dube ni ya ce, "Mutumina, me ka iya?" Na fara lissafa masa digiri. Ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗan boko ke nan. Ba abin da ka karanta na tambaye ka ba. Me ka iya?" Na yi shiru na ɗan lokaci. Can na ce na iya ƙirga kaya. Na san ta inda kaya ke ɓacewa tsakanin mota da sito, na san yadda ake haɗa baki da direba, in na shiga sito na duba jeri na san ko an taɓa. Ya ajiye kofi ya ce, "Kana da wannan kake zaune a gida? Ni wata shida ke nan lissafin sitona ba ya haɗuwa."

Ka ga laifina kashi biyu ne a kanka. Ban ƙara ilimin da ya kamata in ƙara ba, wannan ɗaya. Na biyu ya fi ciwo: ɗan abin da na koya ma ban san na koya ba, balle in rubuta in ba ka ajiya. Shekara 14 ina toshe wa kamfani ɓaraka, ban taɓa zama na rubuta cewa a shekara kaza na gano kaza, na tsare kaza ba. Da an kira ni intabiyu a lokacin, abin da zan iya cewa kawai shi ne na yi shekara 14.

Na shiga makarantar kwamfuta ta yamma, na zauna benci ɗaya da sa'o'in 'yata, suna kirana Baba suna gyara mini riƙon linzami. Na koyi Excel da ƙyar da jiɓin goshi, abin da na ƙi koya kyauta, a kan kujerata, ana biyana albashi. Yanzu ina riƙe wa 'yan kasuwa shida lissafin sito tsakanin Kwari da Singa. Babu ofis, babu katin shaida mai igiya, amma in ɗaya ya rufe, biyar suna nan.

Kada ka ce na ɗora wa masu neman aiki laifin duniya. Na san ƙasar da muke ciki. Na san mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, na san ana raba gurabe a ɗakunan da irinka ba sa shiga, na ji labarin masu sayar da gona su sayi takardar kama aiki, wata ma ta bogi. Na san wanda ya shekara uku yana zaman kashe wando, ƙannensa suna kallonsa, ba ya cikin halin zaɓe, abin da ya samu shi zai kama, da babu gara ba daɗi. Ni ma haka na kama nawa. Abin da nake cewa shi ne yunwar da ta sa ka karɓi aiki ba ita ya kamata ta riƙe maka linzami shekara ashirin ba. Ranar intabiyu tambaya ɗaya ce a raina, nawa ne albashi? Ban tambayi kaina me aikin nan zai koya mini ba, da su wa zai haɗa ni, kuma in na bar shi bayan shekara biyar wa zai so abin da na fito da shi. Wani aikin albashinsa kaɗan ne amma makaranta ce. Wani kuwa yana biya da kauri, yana tsotse ka, ranar da ya tofar da kai babu inda za ka shiga.

Na gani da idona a kan shirin N-Power da aka fara a 2016, wanda ya ɗauki masu digiri 200,000 a rukunin farko, ana ba su naira 30,000 a wata, bisa sharaɗin shekara biyu. Samari biyu a unguwarmu suka samu, duka aka tura su koyarwa. Ɗaya ya riƙa tsakurar kuɗin yana difloma ta aikin malanta, ya yi rajista da hukumar malamai ta TRCN, ya saba da shugabannin makarantu. Ɗayan ya zauna jiran ranar da za a mai da su ma'aikatan dindindin. A 2020 aka sallami rukuninsu. Ba sai na gaya maka wanda ke koyarwa yau da wanda ke zaman majalisa ba.

Ma'aikacin gwamnati ma kada ya ce wannan wasiƙar ba ta shafe shi ba. Ya shiga a mataki na 8, an tabbatar da shi bayan shekara biyu, yana jiran ƙarin girma duk bayan shekara uku, to madalla. Amma wanda ya kama aiki yana ɗan shekara 25, a 60 zai fita da ƙarfinsa, autansa yana sakandare. Ritaya ma wani neman aikin ne, kuma mun sha ganin kuɗin sallama sun tafi a kiwon kajin da aka fara ba tare da an taɓa riƙe ɗan tsako ba.

Af, kafin ka fara murna ka ɗauka cewa nake a cusa maka takardu har zarenka ya tsinke, a'a. Na san masu irin wannan ciwon, duk bitar kwana ɗaya sai sun je don satifiket, fayil ɗinsu ya yi tumbi kamar ɗan kwangila, amma ka ba su aikin awa ɗaya ka ga ido. Takardar da babu iyawa a bayanta nauyi kawai take ƙara maka. Haka kuma ban ce kowa ya riƙa tsalle daga reshe zuwa reshe ba. Wanda ya yi shekara 30 a wuri ɗaya yana girma yana ƙaruwa, ya yi dace. Zama ba shi ne laifina ba, barcin da na yi a zaunen ne.

Mu koma kan 'yar taka. Da ta gama dariyar hoton, ta ce in ba ta kai. Na hana. Washegari na biya kasuwa na sayo mata sabo, na kuma ce ta ɗauki hoton kowace takarda ta adana a imel ɗinta, tunda zamaninsu rabin fayil a waya yake. Na ce mata, "Uwata, ranar da Allah ya ba ki aiki, kowa zai ce kin huta. Ki ce amin, amma kada ki hau kujera da fayil ɗin nan. Ki ajiye shi inda hannunki ke kaiwa." Na ce duk shekara, in an yi hutun babbar Sallah, ta buɗe shi ta tambayi kanta me ta iya bana wanda ba ta iya ba bara. In ta rasa amsa shekara biyu a jere, to ta san barci ya fara ɗaukarta. Na ce malaman da ta rubuta sunayensu a sibi ta riƙa gaishe su tun ba ta da buƙata, don zumunci ne kafin ya zama shaida. Na kuma tuna mata ita mace ce, aure na iya ɗauke ta daga Kano ya kai ta Gusau ko Yola, kujerar ofis ba za ta bi ta ba, abin da ke kanta da hannunta ne zai shiga mota tare da ita. Ta ce, "To Baba." Ban sani ba ko ta ji, ni ma haka na ce wa nawa uban.

Kai kuma ba za ka koma saman wadrof ba. Na share maka wuri a durowar da nake ajiye littattafan lissafi. Na cire tsohon sibin mai lambar 064, na sa sabo, na ƙara takardar makarantar kwamfuta da wasiƙu biyu da 'yan kasuwar da nake wa aiki suka sa aka rubuta mini, ɗaya ma da ajami ya sa hannu. Yaron nan da na kira butulu na nemo lambarsa, na kira shi na ba shi haƙuri, ya ce shi bai ma san na faɗa ba. Ya yarda in sa sunansa cikin masu yi mini shaida.

Ka yafe mini shekarun da na bar ka da yunwa. Ranar Litinin da ƙarfe goma akwai wani mai sito a Dawanau da yake son ganina, kuma tare za mu je.

Wassalam.

Ni ne naka,
Mai ɗaukar ka a hammata.